Turumbar da Ta Ɗauke Hancin Saleh

Zaituna 'yar Malam Kassimu mai turare ce ta fara gaya mini cewa akwai wani inji can gabas, cikin sahara, wanda yake haɗiye mai da iska da ruwa a lokaci guda ya tura su cikin bututu ɗaya. Muna tsince shinkafa a tsakar gidana nan unguwar Madain Fahd a Jidda ta faɗa. Na ce, "Ke Zaituna, ki ji tsoron Allah. Mutum ma in ya haɗiyi ruwa da iska tare ai sarƙewa yake." Ta ce, "Wallahi Inna, Yaya Saleh ne ya ce, kuma shi aka ba gadinsa." Abin da zan faɗa nan, wani da idona na gani, don katanga ɗaya ce tsakanin gidana da nasu. Wani kuma shi Saleh ɗin ne ya zauna a bakin ƙofata bayan shekaru ya gaya mini da bakinsa. In na ƙara ko na rage, Allah Ya yafe mini.

Malam Kassimu mutumin Damagaram ne. Hajji ya kawo shi da matarsa tun unguwar nan fili ce sai awaki, ya zauna bai koma ba. Turaren wuta yake haɗawa, da humra. Haka ubansa ya yi, haka kakansa. Ba shi da ma'auni, ba ya awo da cokali ko gwangwani. Sandal ne, kajiji ne, jawul ne, almiski ne, duk hanci ke gaya masa wannan ya isa, wancan da saura. Kuma abin da ya raba turarensa da na kowa a Jidda shi ne suyar farce. Farcen nan na teku da ake sayarwa a kasuwar Balad, in aka wanke shi aka kankare, sai an soya shi a kasko kafin a daka. In bai soyu ba, ƙarnin kifi zai bi turaren har ɗakin amarya. In ya wuce, ƙauri ne, an yi asarar komai. Tsakanin ƙarnin da ƙaurin akwai wani ɗan lokaci, bai fi ƙiftawar ido ba, da wani ƙamshi ke tasowa. Nan ake saukewa. Ido ba ya ganinsa. Malam yakan ce shi kansa sai da ya yi furfura ya daina tsoron wannan lokaci.

'Ya'ya biyu Allah Ya bar masa, Saleh da Zaituna. Uwarsu ta rasu Zaituna tana goye, Allah Ya ji ƙanta, mutuniyar kirki. Saleh kuwa da hancin gidansu aka haife shi, har ya fi uban. In mace ta gifta a lungu sai ya ce wannan humrar Rakia 'yar Cadi ce, ta cika lemun tsami. In na ɗora tukunya, yana daga ɗakinsu zai ɗaga murya, "Inna, kin manta daddawa!" Kuma na manta ɗin. Malam ba ya kiran sunansa, ɗan fari ne, sai dai "kai" ko "wannan". Amma in Saleh ya faɗi irin wannan magana, sai ka ga tsoho ya sunkuyar da kai yana shafa gemu. Kowa a lungun ya san muciyar ƙarfen da Malam ya zo da ita daga Damagaram, wadda yake juya farce da ita, hannun Saleh za ta.

Takarda ce ta shiga tsakani. Yaro in ya girma a ƙasar nan ba ya zama a kan iƙamar ubansa, wato takardar izinin zama, sai ya nemi kafilinsa, ɗan ƙasa da zai tsaya masa. Balaraben da Malam ke ƙarƙashinsa ya ce shi ba shi da ikon ƙara mutum. Saleh da ma yana zuwa wani garejin injuna a Madinar Masana'antu yana koyon kwance da ɗauri, hannunsa na da kyau. Sai wata sharika, wato kamfani, mai aikin rijiyoyin mai ta ce za ta ɗauke shi, ta yi masa iƙama, amma aikin yana gabas. Ranar da zai tafi, Malam ya ba shi 'yar kwalba cike da turare ya ce, "Je ka. In takarda ta zauna ka dawo. Ni dai ba zan ba wani muciyar nan ba."

Hutunsa na farko da ya zo, na tsare shi na ce sai ya gaya mini wannan inji na Zaituna. Ya yi dariya ya ce, "Inna, kin san in aka ɗauke mana ruwa kwana da kwanaki, ranar da ya dawo, famfo yakan yi tari? Ya tofo iska, ya tofo ruwa, ya yi gurnani, ya sake tofowa?"

Na ce, "Na sani mana, har zane yake jiƙa mini."

"To haka rijiyar mai take in ta fara tsufa. Mai ne, gas ne, ruwan gishiri ne, har da yashi, duk a cakuɗe suke fitowa, kuma ba su da ƙarfin da za su kai kansu inda ake so. Da can sai an gina wuri babba a bakin rijiya, a ware gas gefe, mai gefe, kowa da injinsa, kowa da bututunsa. Wannan kuwa, turumba muke ce mata, ba ruwanta. Abin da ya zo ta haɗiye. Cikinta wasu ƙarafa ne biyu murɗaɗɗu kamar na injin niƙa nama, suna juyawa cikin juna amma ba sa taɓa juna."

"To mene ne na gadi, tunda ita ke yin komai?"

"Maƙogwaronta, Inna. Man ne ke jiƙa shi. Wani lokaci rijiya sai ta yi ta aiko da gas zalla, babu ɗigon mai. Akwai ɗan tanki da ke ajiye mata abin jiƙa baki, amma in gas ya daɗe, ya ƙare, sai ta bushe ta ɗau zafi. In ta ɗau zafi, abin da ke toshe bakinta ya hana yoyo sai ya saki. Gas ɗin can kuwa ba irin na girkinki ba ne. Yana kisa."

Na ce a'uzu billahi. Malam yana zaune yana ji, sai ya ce, "Yaya warinsa?" Saleh ya ce, "Ruɓaɓɓen ƙwai, Baba." Malam ya yamutsa fuska kamar an zage shi.

Wurin da aka ajiye shi, babu gari, babu itace, babu ko karen da zai yi haushi. Ɗakin ƙarfe ne guda, da tankin ruwa, da turumbar cikin shingen waya tana ruri dare da rana. Su biyu ne, shi da wani dattijo Hamad, mutumin Hasa, mai son shayi da zancen dabino. Da safe Hamad yakan ɗauki mota ya tafi zagayen rijiyoyi, sai la'asar. Saleh ya rage shi kaɗai. In lokacin salla ya yi, shi ne ladan, shi ne liman, shi ne mamu. Ya ce mini akwai ranar da ya kira salla, da ya kai "hayya alas salah" sai ya ji kunya ta kama shi, don ba wanda yake kira. Hausa kuwa sai ya yi wata bai yi ta da kowa ba. Har ya koma yi wa turumba magana. In muryarta ta sauya ya ce, "Haba uwar ɗaki, me kuma aka yi miki?"

A wurin nan ba a kunna wuta. Ko ashana aka gani a aljihunka, halas, shi ke nan, ka tattara kayanka. Don haka turaren da ubansa ke ba shi duk hutu bai taɓa zuba shi a garwashi ba. Sai dai in kewa ta dame shi ya buɗe kwalbar, ya kai hanci, ya rufe. Ya ce in ya shaƙa, sai ya ga tsakar gidansu, ya ga bayan ubansa a gaban kasko, har ya ji rediyona ta katanga. Shi ke nan Jiddarsa, cikin kwalba.

Kowane ma'aikaci ana ba shi wani ɗan abu kamar akwatin ashana ya maƙala a wuyan riga. In gas mai kisa ya fito, sai ya yi ta kuka. Kuma an tara su an gaya musu, ba sau ɗaya ba, cewa kada wanda ya dogara da hancinsa, don gas ɗin in kaɗan ne yana wari, in ya yi yawa sai ya kashe hancin, mutum ya daina jin komai. Saleh ya ji wannan magana da kunnensa. Amma a ransa ya ce hancin wasu ake nufi. Ai sau da yawa shi ke riga abin nan ji. Suna shan shayi sai ya ɗaga kai ya ce, "Ammi Hamad, akwai yoyo a ɓangaren yamma." Sai an jima abin wuyan ya fara kuka. Hamad ya ajiye kofi ya ce, "Ya Abu Khashm!" Wato mai hanci. "Wallahi sharika asara take yi. Da sun sayar da na'urorin nan sun rataye ka a bakin ƙofa." Saleh ya ce, "Kai dai ba ka jin komai sai dabino." Hamad ya ce, "Dabino bai taɓa kashe kowa ba, ya waladi. Sa abinka a wuya."

Shekara biyun da aka yi zaton zai yi a can suka zama huɗu, suka zama shida. Duk hutu Malam yakan tambaya, "Takardar ta zauna?" Saleh ya ce saura kaɗan, kafili bai yarda ya sake shi ba tukuna. Idon Malam ya fara yana, hannunsa ya fara rawa. Hancinsa dai da kunnensa suna nan garau.

Ranar da abin ya faru, azahar ce, ana zafin nan da ƙarfe ke ƙona hannu. Saleh ya tuɓe rigar aiki ya rataye, da abin wuyan a jikinta, ya tsuguna yana alwala. Yana wanke ƙafa sai ya ji muryar turumba ta siranta, ta koma kamar kukan mage. Ya san gas zalla ne ya daɗe, ta bushe. Ya tashi da singileti ya nufe ta da gudu, don ya tsayar da ita kafin ta ci kanta. Yana isa shinge warin ƙwai ya buge shi, mai ƙarfi, irin wanda bai taɓa ji ba. Ya tsaya. Ya ce bari ya koma ya ɗauko abin rufe fuska. Sai warin ya ɗauke, ɗif. Ya ja iska, ya sake ja. Tsaf, babu komai. Hancin da bai taɓa yi masa ƙarya ba tun yana goye ya ce masa iska ta kwashe. Ya tura ƙofar shinge ya shiga.

Allah Mai jinƙai, ranar Hamad ya dawo da wuri, tayar motarsa ce ta yi faci. Ya hango Saleh a faɗe cikin shinge, ya sa abin numfashi ya shiga ya jawo shi ta ƙafa. Saleh ya farka a mustashfa, wato asibiti, kansa kamar ana sara. Hamad na zaune gefen gado, idonsa ja. Bai ce masa Abu Khashm ba, daga ranar bai ƙara faɗa ba. Aka kawo abinci, Saleh ya ci ya ji kamar auduga yake tauna. Ya ɗauka magani ne. Da aka sallame shi ya koma ɗakin ƙarfe, ya jira Hamad ya fita, ya ɗauko kwalbar ya buɗe. Ya kai hanci. Ya zuba a tafin hannu ya murza ya kai. Ya tura hancin cikin kwalbar har bakinta ya yi masa zobe a fuska. Kamar yashi ya ɗebo a waje. Likita ya ce wani nasa yakan dawo, wani ba ya dawowa, sai addu'a.

Bai gaya wa kowa a gida ba. Ya ce a ransa hancin zai dawo kafin hutu. Hutu ya zo hancin bai dawo ba, haka ya taho gida.

Zaituna ce ta gane. Ta dawo daga wurina da hantsi, tana sa ƙafa a gida ta ji warin gas ɗin girki ya cika ko'ina, robar tulun ce ta tsage. Ga Saleh tsaye a kicin ya ɗora buta, ashana a hannu. Ta ƙwalla ƙara, "Yaya, kar ka ƙyasta!" Ta fizge ashanar, ta rufe tulu, ta bubbuɗe tagogi. Malam yana masallaci. Ta juyo ta dube shi ta ce, "Kai da kake jin daddawar Inna ta katanga?" Ya zauna a ƙasa nan kicin ɗin ya gaya mata. Ya ce, "Ki rufa mini asiri, Zaituna. In Baba ya ji, me ya rage masa? Zai dawo, likita ya ce yana dawowa."

A wannan hutun ne kuwa Malam ya ce hannunsa ba ya riƙe muciya, Saleh ya zauna gaban kasko, shi zai zauna gefe. Sai 'yan'uwan biyu suka yi dabara. Zaituna, da ba wanda ya taɓa koya mata komai sai wanke kwalabe, ashe duk shekarun nan hancinta na ɗauka. In Saleh na suya, sai ta zauna bakin kicin da kofin shayi. Ƙamshin nan na tasowa sai ta buga cokali a kofi, ƙil. Saleh ya sauke. Malam ya ja numfashi ya ce, "Madalla." Saleh ya ce mini wannan madallar ta fi masa faɗuwar da ya yi a shinge ciwo. Hutu biyu suna haka. Kullum da asuba in ya idar da salla sai ya shinshina bayan hannunsa, ko Allah Ya sa.

Amma wanda ido ya bari, kunne yake ba aiki. Wata safiya sai ga Zaituna ta shigo mini, fuskarta ba jini. Ta ce, "Baba ya ce in zo in taya ki wankin labule, kar in koma sai ya aiko." Ni kuwa ban ce ina da wanki ba. Muka zauna. Ba ta taɓa labule ba, ni ma ban ce ta taɓa ba. Can sai ƙarnin farce ya hauro katanga.

Saleh na gaban kasko yana juyawa. Ya kasa kunne, babu cokali. Ya saci kallon ubansa ko zai ga hancinsa ya motsa, sai ya tarar tsoho ya juya fuska bango yana jan carbi. Farce ya fara kumbura, ya yi ja. Ya ce a ransa bari ya bi launi. Ya kama kasko ya ɗaga.

Malam ya ce, "Ya kai?"

Tambaya ce kawai, muryarsa a kwance. Da Saleh na da ne, da ya ce ya kai, ko ya ce saura numfashi ɗaya. Ya tsaya da kasko a hannu. Sai ya mayar kan wuta.

A gidana Zaituna ta miƙe tsaye. Ni ma na ji shi, ƙamshin nan mai daɗi ya zo ya wuce. Ta kai bakin ƙofa, ta dafa, ta dawo ta zauna ta rufe fuska da mayafi. Sai ƙauri. Ƙauri har lungu, har na ji matar Nomau mai shago tana cewa wa ya bar tukunya. Saleh kuwa yana ta juyawa, sai da ya ga hayaƙi ya yi baƙi.

Malam ya ce, "Sauke."

Ya sauke. Kaskon na ta ƙara shi kaɗai.

"Tun yaushe?"

"Tun kafin azumin bara, Baba."

"Injin nan ne?"

"Ni ne. Warin ya ɗauke, na ɗauka ya tafi."

Malam ya juyo da fuskarsa gare shi. Sannan ya ce, "Da ciwo?"

"Babu."

"To alhamdu lillahi. Wanda Ya bayar Shi Ya karɓa." Ya lalubi sandarsa ya shiga ɗaki. Ranar bai fita azahar ba, abin da ban taɓa gani ba.

Washegari ya kira Zaituna. A gaban yayanta ya ce, "Ke mai cokali, zo ki zauna nan." Ya miƙa mata muciyar. Ta ƙi karɓa, tana kuka, tana cewa ta Yaya ce. Saleh ne ya karɓa daga hannun uban ya sa mata a nata. Ya ce, "Riƙe mana, kar ki sa Baba ya gaji." Malam bai yi faɗa ba, bai yi gori ba, har ya koma ga Allah bai ƙara ta da maganar ba. Bai kuma ƙara tambaya ko takarda ta zauna ba.

Da hutu ya ƙare Saleh ya ɗauki jaka ya durƙusa yin sallama. Malam ya dafa kansa ya yi masa addu'a mai tsawo. Saleh ya ɗan jira. Babu kwalba. Tsoho tausayi ne ya hana shi, yana ganin ba wa wanda ba ya ji turare kamar tsokana ce. Shi kuwa Saleh yana so, ko don ya riƙe a hannu, amma bakinsa ya kasa roƙo. Haka ya hau motar gabas da jaka ba nauyi. Dukansu biyu ni suka gaya wa, kowa daban, kuma kowa ya ce kar in faɗa wa ɗayan.

Ya koma wurin turumbarsa. Hamad ya yi ritaya ya tafi gonar dabinonsa, aka riƙa kawo masa wasu, wannan Bafilibine, wancan Ba'indiye, kowa da wayarsa a kunne. Abin wuyan nan kuwa ko wanka zai shiga sai ya rataye shi inda zai ji. Ya ce kunnensa ya buɗe da turumbar har ya zama yana sanin gas na tafe tun bai iso ba, daga yadda bututu ke rawa. Kafili ya ce masa in yana so yanzu a sake shi ya koma Jidda. Ya ce a bari tukuna.

Malam Kassimu ya rasu shekarar ambaliyar Jidda, bayan hajji da kaɗan. Da hantsi ya cika, aka yi masa salla da la'asar. Saleh yana hanya, sai washegari ya iso. Ya tarar da tabarmi a lungu, mutanen Damagaram da na Cadi da Larabawan da ke sayen turare cike. Aka yi masa gaisuwa, ya shiga ɗakin uban. Mata na tsakar gida, sai wata tsohuwa, ba da mugun nufi ba, ta ce, "Allahu akbar, kamar bai tafi ba. Duk wanda ya shiga ɗakin nan sai ya ji ƙamshinsa." Kowa ya ce wallahi haka ne. Ni ina kallon bayan Saleh ta labule. Ya ɗauki rawanin uban daga ƙusa ya kai fuska. Ya daɗe. Sannan ya ninke shi da kyau ya mayar, ya fito ya zauna cikin maza yana amsa "ya haƙuri".

Zaituna ta yi aure, tana unguwar Safa da mijinta Othman da 'ya'ya uku. Turaren Malam Kassimu yana nan, a saman bene take suyar farcenta, amare har layi suke. In an yaba sai ta ce na Baba ne. Tana kiran yayanta kullum ya zo cin abinci, yakan je ran da ba ta suya.

Shi kuwa bayan rasuwar ya yarda aka dawo da shi. Yanzu yana Madinar Masana'antu, a wurin da sharikarsu ke gyara. In turumba ta ci kanta a can sahara, sai a ɗoro ta a babbar mota a kawo masa, ya zare murɗaɗɗun ƙarafan nan ya duba inda yashi ya cinye da inda zafi ya ƙona, ya gyara a mayar. Yana ɗakin ubansa shi kaɗai. Ya cire tulun gas daga gidan, da lantarki yake dafa shayi. Na yi masa maganar aure har na gaji, Salamatou 'yar ƙanwata ma na nuna masa, ya ce, "Inna, mace ta yi kwalliya ta yi turare don wa?" Na ce aure ai ba hanci ba ne. Ya yi murmushi kawai. Ina dai sa shi a addu'a duk sujada.

Ran Juma'a in ya yi wanka ya sa farar riga, sai in ji an ƙwanƙwasa. Ya tsaya a bakin ƙofa ya miƙo mini hannun rigar ya ce, "Inna, duba mini." In na ji warin baƙin mai in ce koma ka sake wata. In ya zabga turare da yawa, don ba ya sanin iyaka, in ce tsaya a iska tukuna, kar ka kori sahu. In daidai ne in ce daidai. Sai ya ce, "To, Allah Ya saka," ya bi lungu ya tafi masallaci.